Yadda Ake Yin Tanghulu, Alewar 'Ya'yan Itace ta Ƙasar Sin, a Gida

Tanghulu kunne ne yake fara jin daɗinsa kafin harshe. Idan an yi shi daidai, da kin sa haƙori za ki ji ƙaras, kamar siririn gilashi ya fashe, sai ruwan ɗan itacen ya biyo baya da sanyinsa da ɗan tsaminsa. Idan kuwa sukarin ya maƙale miki a haƙori yana jan danƙo, to aikin bai kai ba. Kayan haɗinsa ba su wuce sukari da ruwa da 'ya'yan itace ba, shi ya sa mutane suke ɗauka wasa ne, su ɗora tukunya, su sauke, su rasa inda suka kuskure. Kuskuren kusan kullum wuri ɗaya yake fitowa, wato ruwa. Ko dai bai gama ƙonewa daga jikin sukarin ba, ko yana jikin ɗan itacen, ko kuma iskar ɗakin ce take ɗauke da shi. In kin riƙe wannan, sauran duk sauƙi ne.

Asalinsa abin ƙwalamar arewacin ƙasar Sin ne, musamman biranen Beijin da Tiyanjin, kuma na lokacin sanyi ne. 'Ya'yan itace ne da ake jerawa a tsinke a tsoma cikin dafaffen sukari ya daskare a jikinsu kamar riga. Masu talla sukan soke tsinkayen a jikin damin ciyawa da aka ɗaure a kan sanda ko bayan keke, su bi unguwa da shi jajaye suna ƙyalli. Ɗan itacen da aka san shi da shi tun farko Sinawa suna ce masa shanza, wani ja ne mai tsami sosai, girmansa bai kai ƙwan kaza ba. A kan jera shi da yawa a tsinke ɗaya. Sunan ma yana da daɗin fassara: "tang" sukari ne, "hulu" kuma gora, irin goran duman nan mai ƙugu a tsakiya, don idan aka jera 'ya'yan itace biyu a tsinke kamarsa suke yi. Cikakken sunansa bingtang hulu, saboda sukarin dunƙule mai kama da ƙanƙara da ake dafa shi da shi. Akwai labarin da Sinawa suke bayarwa cewa a zamanin daular Song, wata matar Sarki Guangzong, wanda ya hau mulki a 1189, ta yi rashin lafiya ta daina cin abinci, wani mai magani ya ce a dafa mata shanza da sukari tana ci kafin abinci, ta warke, daga nan abin ya fita fada ya shiga kasuwa. Labarin baka ne, amma ya nuna daɗewar abin a wurinsu. A 2023 ne ya yi tashe a Koriya ta Kudu, shaguna suka cika tituna, matasa suka cika TikTok da bidiyon ƙarar fashewarsa, kuma ta nan ne yawancinmu muka fara ganinsa.

Zaɓen ɗan itace

Tunda shanza ba ta samuwa a kasuwanninmu, sai a duba abin da ya sa Sinawa suka zaɓe ta. Tana da tsami, tana da tauri, kuma fatarta a rufe take ba ta zubar da ruwa. Duk ɗan itacen da ya haɗa waɗannan zai yi.

A ganina inabi ya fi kowanne ga mai koyo, musamman koren nan marar ƙwallo mai ɗan tsami. Fatarsa santsi ce, sukari yana kwanciya a kai sumul, kuma ba ya saurin yin laushi. Sitiroberi shi ne ya fi kyau a ido, kuma wanda ake kawowa daga Jos lokacin sanyi ya wadatar, sai dai ki zaɓi masu tauri waɗanda ba su nuna luguf ba, don shi yana saurin zubar da ruwa da zarar zafi ya taɓa shi. Ɓarin lemun tanjarin ma yana yi, da sharaɗin kada farar fatar nan ta jikin kowane ɓari ta yage. Ki ɓare shi a hankali, ki cire zaren, ki bar shi ya sha iska har fatar ta ɗan bushe ta yi kamar takarda. Ɗanyar magarya manya, wadda ba ta bushe ba, ita ce ta fi kusa da shanza a siffa, amma ƙwallonta yana tsakiya, don haka sai an soke ta ta gefe, kuma a gaya wa mai ci ya yi hankali da haƙori.

Kankana, gwanda, abarba da mangwaro nunanne, ki bar su. Duk abin da sai an yanka shi da wuƙa, fuskar da aka yanka za ta yi ta tsattsafo da ruwa, ruwan ya narkar da sukarin daga ciki. Tuffa da aka yanka ƙanana tana ɗan jurewa in an goge ta sosai aka kuma ci nan take, amma kada ki fara koyo da ita.

Ki wanke 'ya'yan itacen, ki tsane su, ki bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, sannan ki baza su a faranti su sha iska kamar rabin sa'a. Wannan matakin ne ake raina wa, kuma shi ne yake kayar da mutane. In daga firji kika ɗauko su, ki jira su huce daga sanyin gaba ɗaya, domin abu mai sanyi in ya fito iska yakan yi zufa, kina gogewa yana sake fitowa. Ranar da na fara gwadawa a watan Agusta ne, ana tsakiyar damina, na ciro inabi daga firji na soke shi kai tsaye. Sukarin ya hau, ya yi ƙyalli, na jera su a faranti ina murna. Kafin minti goma sai na ga ɗigo yana taruwa a ƙarƙashin kowane tsinke, rigar sukarin tana zamewa tana sauka kamar kyandir. Yaran da suka zauna jira suka sha da cokali. Tun daga ranar ba na ɗora tukunya sai na taɓa kowane ɗan itace na ji shi a bushe ƙayau.

Tsinken tsire na gora shi ake amfani da shi. Ki soka biyu ko uku a kowane tsinke, su taru can wajen baki, ki bar wurin riƙewa mai tsawo. Masu sayarwa a Beijin suna jera da yawa don tukunyarsu mai faɗi ce kuma hannunsu ya saba. A tukunyar gida, tsinke mai tsawon jere ba ya juyuwa da kyau, kafin ki shafe na ƙarshe na farko ya yi kauri. In yara ne za su ci, ki datse tsinin da almakashi bayan kin soke.

Ki shirya komai kafin ki kunna wuta

Idan sukari ya kai, minti kaɗan gare ki. Ba lokacin neman faranti ba ne. Ga abin da za ki ajiye kusa da murhu: tsinkayen da kika soke, faranti na ƙarfe da aka shafa wa mai ɗan kaɗan ko aka shimfiɗa wa takardar gashi, kwano cike da ruwan ƙanƙara, da cokali mai tsabta. Kada ki yi amfani da farantin roba ko leda, zafin zai narkar da su.

Awon kuwa, sukari kashi biyu ne, ruwa kashi ɗaya. Kofi 2 na farin sukari, wato kusan giram 400, da kofi 1 na ruwa, zai ishi tsinke 10 zuwa 12. Da gwangwanin madara ma za ki iya aunawa, muddin biyu ne da ɗaya. Kada ki rage ya gaza haka don tattali, saboda sukari kaɗan ba ya yin zurfin da za a tsoma abu a ciki, kuma yana saurin ƙonewa. Tukunya ƙarama mai kaurin gindi kuma mai hannu ta fi, wadda cikinta fari ne don ki riƙa ganin launin sukarin. Ki tabbata babu maiƙo ko ɓurɓushin komai a cikinta.

Dafa sukarin

Ki zuba sukarin, ki zuba ruwan a kai, ki ɗan juya sau ɗaya tun wuta ba ta kama ba don ko'ina ya jiƙe. In akwai ƙwayoyin sukari da suka manne a bangon tukunyar, ki share su da jiƙaƙƙen yatsa. Sai ki ɗora a wuta matsakaiciya. Daga lokacin da ya fara tafasa, cokali ya fita, kada ki sake juyawa.

Dalilin hana juyawar yana da kyau a sani, don wanda ya san dalili ba ya mantawa. Sukarin da ya narke kullum yana neman hanyar komawa ƙwaya. Ƙwaya ɗaya tak da ta faɗo daga bangon tukunya, ko motsin cokali, ya isa ya sa sauran su bi sahu, nan da nan ruwan da yake garau ya yi fari ya koma kamar jiƙaƙƙen yashi. Duk wadda ta taɓa yin kantun riɗi ko alewar gyaɗa ta ga irin wannan. Akwai dabaru biyu na kariya. Ta farko, ki rufe tukunyar na minti biyu a farkon tafasa, tururin zai wanke bangon da kansa, sannan ki buɗe ki bar ta a buɗe har ƙarshe. Ta biyu, ki matsa ruwan lemun tsami kamar rabin ƙaramin cokali tun farko. Tsamin yana raba wani ɓangare na sukarin ya koma wasu nau'o'i biyu da ba sa saurin haɗuwa su yi ƙwaya. Amma kada ki wuce haka, don in ya yi yawa alewar takan yi saurin jan danshi ta yi danƙo. Ni na fi son dabarar murfi, ina sa lemun ne kawai in na ga sukarin ba mai kyau ba ne.

Yanzu sai kallo da haƙuri. Abin da yake faruwa a tukunyar shi ne ruwa yana fita, kuma gwargwadon fitarsa gwargwadon hawan zafin. Ruwa zalla a digiri 100 na ma'aunin Celsius yake tafasa ba ya wucewa, amma ruwan sukari yana ci gaba da hawa. Da fari za ki ga kumfa manya suna fashewa da sauri, tururi yana tashi, ƙarar kamar ta tafasar ruwan shayi. Bayan wasu mintoci tururin zai ragu, kumfan ya ƙanƙance ya cika fuskar tukunyar, fashewarsa ta yi nauyi. Inda ake so a kai shi ne digiri 150, ko tsakanin 149 da 154, lokacin da ruwan da ya rage a ciki bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kan gas yakan ɗauki minti 10 zuwa 20, ya danganta da wutarki da tukunyarki, don haka kada ki dogara da agogo. A kan gawayi ma ana yi, sai dai ki tanadi wurin da za ki janye tukunyar da sauri tunda ba a rage masa wuta da maɓalli.

In kina da ma'aunin zafi na girki, to madalla, ki kula kawai kada bakinsa ya taɓa gindin tukunya. In babu, ruwan ƙanƙarar nan ya ishe ki, kuma ni na fi yarda da shi. Ki ɗebo sukarin kaɗan da bakin cokali ko tsinke, ki ɗiga a cikin ruwan, ki ƙirga biyar, ki ciro. In ya narke ya ɓace, da sauran tafiya. In ya dunƙule yana matsuwa kamar ƙullu, yana wajen digiri 115. In ya yi zare yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, kin kusa, wajen 140 ke nan, kuma nan ne mafi yawan mutane suke yaudaruwa su sauke, don a ido ya yi kama da ya yi. Ki ƙara masa minti ɗaya ko biyu. Wanda ake nema shi ne wanda in kin lanƙwasa zai karye ɓas, in kin tauna ya farfashe bai kama haƙori ba. Kowane gwaji ki goge cokalin ya bushe kafin ya koma tukunya.

Launi ma yana magana. Daidai lokacin da ya kai, sukarin zai fara sauyawa daga fari garau zuwa ruwan zuma mai haske ƙwarai, sau da yawa daga gefen tukunya yake farawa. Daga nan abin yana gudu. Da ya haura digiri 160 zai fara yin ja, ƙamshinsa ya sauya, in aka ƙara sakaci ya yi duhu ya yi ɗaci. Tsakanin "ya yi" da "ya ƙone" wani lokacin bai fi minti ɗaya ba, saboda haka da kin ga kumfa ya ƙanƙance kada ki matsa ko nan da ƙofa, waya ma ta jira.

Tsomawa

Da ya kai, ki rage wutar zuwa can ƙasa, ko ki kashe in tukunyarki mai kauri ce tana riƙe zafi. Ki kama hannun tukunyar ki karkata ta, sukarin ya taru gefe ɗaya ya yi zurfi. Ki ɗauki tsinke, ki kwantar da 'ya'yan itacen a saman sukarin, ki murza tsinken da yatsu ya zagaya sau ɗaya, ki ɗaga. Daƙiƙa biyu zuwa uku, shi ke nan. Ki bar rarar ta ɗiga cikin tukunya kina ci gaba da murzawa a hankali don rigar ta daidaita.

Siririyar riga ake so. Sau ɗaya ake tsomawa, kada ki koma don kin ga wani ɗan wuri bai samu ba, in ya dame ki ki ɗiga masa da cokali. Riga mai kauri tana da wuyar tauna, tana iya yanka dasashi, zaƙinta kuma ya danne ɗanɗanon ɗan itacen. Daɗewa a cikin tukunya kuma dafa shi yake yi, inabi ya tsage, sitiroberi ya saki ruwa.

Daga nan hanya biyu ce. Masu sana'ar a Sin sukan buga tsinken a kan jiƙaƙƙen katako ko dutse mai sanyi su ɗan ja shi, sai sukarin ya yi wani siririn fiffike a gefe, sanyin gari ya daskarar da shi. A gida za ki iya kwantar da shi a farantin da kika shafa wa mai, kada wani tsinke ya taɓa wani, cikin minti biyar ya yi tauri. Hanya ta biyu, wadda aka fi gani a bidiyo, ita ce a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara nan take na daƙiƙa uku zuwa biyar. Amfaninta, tana tsayar da zafin kafin ya dafa ɗan itacen, kuma rigar takan fito kewaye ba tare da gefe ɗaya ya baje ba. Illarta, kin mayar wa sukarin da ruwan da kika sha wahalar kora. Ni ina amfani da ita ga sitiroberi kawai, in ciro da sauri, in girgiza, in tsayar da shi a kofi ya tsane. Inabi da lemu faranti nake ba su.

In kina son riɗi, kamar yadda wasu masu sayarwa a Sin suke yi, ki barbaɗa soyayyen riɗi a fuskar sukarin dab da za ki fara tsomawa, zai hau jikin rigar da kansa. Ƙamshinsa yana tafiya da tsamin sosai.

Kina cikin aiki sukarin zai fara kauri. Ki mayar da shi kan ƙaramar wuta na ɗan lokaci ya saki, amma ki sani kowace komawa tana ƙara masa duhu. Wannan ne ya sa ya fi kyau a yi ku biyu, ɗaya tana tsomawa, ɗaya tana karɓa tana jerawa.

Zancen ƙuna

Wannan ba wurin yara ba ne sai an gama. Sukari mai digiri 150 ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma shi ba ya gangarewa, mannewa yake a fata ya ci gaba da ci. Kada ki taɓa gwada shi da yatsa ko harshe daga tukunya. Kada ki goya yaro kina wannan aiki, ki kuma ɗaure mayafi ko hannun riga da zai iya jawo tukunya. Akwai bidiyoyin da suke nuna a dafa sukarin a kofin roba ko na takarda cikin na'urar ɗumama abinci, yara da dama sun ƙone ta wannan hanya don kofin yakan narke ko ya kife, ki hana naki gwadawa. In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Ban da ƙanƙara kai tsaye, ban da man goge baki, manja ko ƙwai. Kada a fizge sukarin da ya manne, ruwan zai narkar da shi. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, ko yaro ne, a tafi asibiti. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kada a ba su inabi guda cikin rigar sukari, yana iya shaƙe su.

Ci da ajiya

Tanghulu ba ya kwana. A ci shi cikin sa'a ɗaya, in da hali cikin rabin sa'a. Sukarin da aka kore wa ruwa yana jawo danshi daga iska, ɗan itacen kuma yana turo nasa daga ciki. Firji ba ya cetonsa, yana ma ƙara ɓata shi, don da an fito da shi zai yi zufa. In baƙi za ki yi wa, ki soke tsinkayen tun da wuri, ki auna sukarin ki ajiye, sai sun zauna ki kunna wuta.

Abin da ya sa ya zama abin sanyi a Beijin shi ne hunturunsu busasshe ne ga tsananin sanyi, tsinke zai wuni a waje bai yi komai ba. Mu ba mu da irin wannan sanyin, amma muna da bushewar. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe yake tsagewa wanki yake bushewa kafin azahar, tanghulu yana fitowa da ƙarar da ake so kuma yana ɗan jimawa, ga shi lokacin ne sitiroberin Jos yake shigowa. Da damina kuwa sai dai a yi a ci a tsaye.

Sukarin da ya rage kada ki zubar a magudanar wanke-wanke, zai daskare ya toshe ta. Tun yana da zafi ki zuba masa soyayyar gyaɗa ko riɗi, ki juye a farantin mai, ki baza, in ya huce ki farfasa. Tukunyar kuma kada ki kankare ta. Ki cika ta da ruwa, ki jefa cokalin a ciki, ki mayar kan wuta ta tafasa minti biyar, duk abin da ya manne zai narke ya bi ruwan.